Hasken Leza a Maganin Ciwon Dasashi: Inda Yake da Amfani da Inda Ƙarfinsa Ya Tsaya

Ciwon dasashi cuta ce da ke farawa daga naman da ya kewaye wuyan haƙora, sannan ta gangara a hankali zuwa ƙashin da ke riƙe da saiwoyinsu. Tana cikin manyan dalilan da ke raba baligi da haƙoransa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 kan lafiyar baki ya ƙiyasta cewa nau'inta mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin 100 na baligan duniya, wato mutane sama da biliyan 1. A shekarun baya-bayan nan hasken leza ya shigo cikin hanyoyin magance ta, ana kuma tallata shi da cewa ba yanka, ba ɗinki, ba zafi. Kafin a auna wannan magana, sai an san yadda cutar ke cin haƙori, domin daga nan ne za a gane aikin da haske zai iya yi da wanda ya fi ƙarfinsa.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai dubban ƙananan zaruruwan nama da suka ɗaure shi, su ne ke ba shi ɗan sassauci idan ana tauna. Dasashi kuma shi ya lulluɓe wannan ɗauri daga sama. A inda dasashi ya haɗu da haƙori akwai wani ɗan siririn lungu, wanda zurfinsa a baki mai lafiya bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. A wannan lungu ne cutar ke kama wurin zama.

Sa'o'i kaɗan bayan goge baki, wata farar dauɗa mai yauƙi takan fara taruwa a jikin haƙora. Mafi yawanta ƙwayoyin cuta ne masu rai da suka manne da juna. Idan ba a kawar da ita ba, jiki yakan turo jini da sojojinsa zuwa wurin, sai dasashi ya kumbura, ya yi laushi, ya riƙa zubar da jini da an taɓa shi da buroshi ko asuwaki. Wannan shi ne matakin farko, kuma yana warkewa sarai. Wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Harald Löe ya tabbatar da haka a Denmark a shekarar 1965. Ya sa wasu matasa masu lafiyayyen baki suka daina goge haƙora gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kimanin mako guda kumburin ya sauka.

Matsalar tana girma ne idan dauɗar ta daɗe. Sinadaran da ke cikin miyau sukan shige ta, ta daskare, ta yi tauri, ta liƙe a jikin haƙori har buroshi ya kasa ɓamɓare ta. Wannan daskararriyar dauɗa kaushi gare ta, sabbin ƙwayoyin cuta kuma suna samun mafaka a kanta. A jikin wasu mutane kumburin yakan wuce dasashi, ya fara tsinka zaruruwan da ke ɗaure da saiwa, ƙashi kuma ya fara narkewa. Sai ɗan lungun nan ya zurfafa ya zama aljihu mai milimita 5, ko 7, ko fiye. Can ƙasan aljihun iska ba ta isa, kuma nan ne ƙwayoyin cutar da ba sa son iska ke yaɗuwa, cikinsu har da wadda masana ke kira Porphyromonas gingivalis. Abin ya yi kama da bishiyar da ruwa ke zaizaye ƙasar gindinta: samanta lafiya lau, ganyenta shar, sai ranar da ta fara jijjiga. Haƙorin yana iya zama fari tas, babu kogo ko ɗaya a jikinsa, amma ya faɗi.

Abin da ya sa cutar ke shammatar mutane shi ne ba ta cika zafi ba sai ta yi nisa. Alamominta su ne jini idan ana goge baki, warin baki da ba ya jin magani, dasashi ya janye har haƙori ya yi kamar ya ƙara tsawo, mugunya ta riƙa tsattsafowa daga gefen haƙori, haƙora su fara buɗewa ko su riƙa motsi. Mutane da yawa idan suka ga jini sukan ɗora laifin a kan taurin buroshi, su rage gogewa, alhali rage gogewar shi ke ƙara wa cutar ƙarfi.

Ba kowa take ci da gudu ɗaya ba. Löe da abokan aikinsa sun bi sawun ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka, mutanen da ba sa ganin likitan haƙori, tsawon shekara 15. Sakamakon da suka wallafa a 1986 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 cutar ta cinye su da sauri, kusan kashi 81 ta ci su a hankali, kusan kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburin dasashi ba. Gado yana da hannu a ciki. Shan taba sigari yana ninka haɗarin, yana kuma ɓoye alamar, domin yana takura hanyoyin jini har dasashin mai shan taba ya ƙi zubar da jini ko da cutar ta yi nisa. Ciwon suga da ba a kula da shi ba yana hura wutar cutar, ita ma cutar tana wahalar da saukar sugan. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2022 ya nuna cewa maganin ciwon dasashi yana rage ma'aunin sugan watanni uku da kusan kashi 0.4 cikin 100 ga masu ciwon suga, ragin da likitoci ke ɗauka da muhimmanci. Mata masu juna biyu ma dasashinsu ya fi saurin kumbura saboda sauyin sinadaran jiki.

Maganin da aka daɗe ana yi, wanda har yau shi ne ginshiƙi, shi ne kankare dauɗar da ke sama da ƙasan dasashi. Wannan ne mutane ke kira wankin haƙori, sai dai na mai ciwon dasashi ya fi na kwalliya zurfi. Likita yakan fara da auna aljihun kowane haƙori da wani siririn ƙarfe mai zanen milimita, a wuri shida a kowane haƙori, ya kuma ɗauki hoton ƙashi. Daga nan a yi allurar kashe zafi, a shiga aljihun da ƙananan ƙarafa masu lanƙwasa da kuma na'ura mai kaɗawa tana feshin ruwa, a ɓamɓare daskararriyar dauɗa daga jikin saiwa. Bayan makonni shida zuwa wata uku a sake aunawa. Aljihuna da yawa sukan tsuke, jini ya tsaya. Waɗanda suka rage da zurfin milimita 6 ko fiye, su ne ake yi wa tiyata: a yanka dasashi, a ɗaga shi, a ga saiwa da ido, a tsaftace ta, a mayar a ɗinke. A wasu ramukan ƙashi akan sa wasu kayan da ke taimaka wa ƙashi ya sake tofowa. Yana da kyau mara lafiya ya tambayi asalin waɗannan kaya, domin wasu daga ƙashin shanu ake samo su, wani sanannen sinadari kuma daga haƙoran alade.

Tsoron wannan tiyata, wato wuƙa da zare da kumburin bayanta, shi ne ƙofar da leza ta shigo ta ciki.

Leza haske ne, amma ba irin na fitila da ke bazuwa ko'ina ba. Launinsa ɗaya ne tak, kuma a tattare yake wuri guda, don haka ana iya zuba ƙarfinsa a kan ɗigon da bai kai milimita ba. Albert Einstein ne ya shimfiɗa ka'idarsa a 1917, Theodore Maiman kuma ya ƙera na'urar farko a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1960. Likitocin haƙori sun gwada ta tun a shekarun 1960, amma zafinta yana ƙona haƙori. Sai a 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da leza ta farko da aka ƙera musamman don likitan haƙori, domin aikin nama. A 1997 ta amince da wata da za a iya amfani da ita a jikin haƙori kansa.

Muhimmin abin da ya kamata a riƙe shi ne leza ba iri ɗaya ba ce. Kowace tana da tsawon zangon haskenta, kuma wannan tsawo shi ke nuna abin da zai shanye hasken a jiki. Abin da ya shanye hasken, shi ne zai yi zafi ya ƙone ko ya tashi tururi. Lezar diyod, mai zango tsakanin nanomita 810 zuwa 980, da lezar niyodimiyum da ake rubutawa Nd:YAG, mai nanomita 1064, abu mai duhu suke bi: jan sinadarin jini, da baƙin launin fata, da ƙwayoyin cuta masu duhun launi irin Porphyromonas gingivalis. Suna yanka nama, suna tsayar da jini, suna kuma ratsawa cikin nama da ɗan zurfi. Amma ba sa iya ɓamɓare daskararriyar dauɗa. Lezar erbiyum, mai nanomita 2940, da 'yar'uwarta mai 2780, ruwa ne ke shanye haskensu. Da hasken ya sauka, ruwan da ke cikin abu yakan tafasa nan take ya farfasa shi, shi ya sa suke iya cire daskararriyar dauɗa daga saiwa, kuma tare da feshin ruwa ba sa barin zafi mai yawa. Akwai kuma lezar iskar kabon mai nanomita 10,600, gwanar yankan nama a sama-sama, wadda ke iya ƙona saiwa idan ta sauka a kanta. Saboda haka idan aka ce an yi wa mutum magani da leza, ba a gama magana ba sai an faɗi wace iri.

Hanyar da ta fi yin suna ita ce LANAP, wadda likitoci biyu 'yan Kalifoniya, Robert Gregg da Delwin McCarthy, suka tsara a shekarun 1990, hukumar Amurka kuma ta ba ta izini a 2004. Da lezar Nd:YAG ake yin ta. Bayan allurar kashe zafi, likita yakan zura wani zaren gilashi mai kaurin kimanin sulusin milimita cikin aljihun, ya bi bangonsa da haske, ya ƙone ruɓaɓɓiyar fatar ciki tare da rage ƙwayoyin cuta. Sai ya ajiye leza, ya ɗauki na'urar kankara da ƙarafan hannu, ya tsaftace saiwa kamar yadda aka saba. Sai ya sake zura zaren da wani saiti dabam, wanda ke sa jini ya daskare ya zama gudan da zai toshe bakin aljihun. Ya danna dasashi a jikin haƙori, ba tare da ɗinki ba. A ƙarshe yakan ɗan goge saman haƙoran da ke karo da ƙarfi idan an rufe baki, don a rage musu nauyi. Yawanci zama biyu ake yi, rabin baki a kowane zama. Mara lafiya yakan yi kwanaki yana cin abinci mai ruwa-ruwa kamar kunu da fate, ba ya goge wurin, yana kuskure baki da maganin da aka ba shi, kuma ba a sake zura ƙarfen awo a aljihun sai bayan watanni masu yawa.

Duk wanda ya bi waɗannan matakai da kyau zai lura cewa kankarar saiwa tana nan daram a tsakiyar aikin. Leza ba ta kore ta ba, kewaye ta ta yi, gaba da baya.

Akwai wata hanya ta dabam da ba ta dogara da zafi ba. Akan ɗiga shuɗin rini a cikin aljihun, ƙwayoyin cuta su sha shi, sannan a haska musu jan haske mai sauƙin ƙarfi. Rinin yakan saki wani nau'in iskar oksijin mai guba da ke kashe ƙwayoyin. Ita ma bayan kankara ake yin ta.

Amfanin leza na gaskiya ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Tana toshe ƙananan hanyoyin jini yayin da take yanka, don haka wurin aiki yakan zama a bushe, likita yana ganin abin da yake yi. Wannan babban sauƙi ne ga mai shan magungunan tsinka jini saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Marasa lafiya da dama sukan ce kumburi da raɗaɗin bayan aiki sun fi sauƙi idan aka kwatanta da tiyatar wuƙa. A aikin rage dasashin da ya yi toho ya rufe haƙora, wanda wasu magungunan hawan jini irin nifedipine da amlodipine, da maganin farfaɗiya phenytoin, ke haddasawa, leza kayan aiki ce mai kyau ƙwarai. Sannan akwai mutumin da tsoron wuƙa zai sa ya zauna a gida har haƙoransa su zube. Idan jin sunan leza zai kawo shi kujerar likita, wannan ma riba ce.

Babbar da'awa kuwa ita ce leza tana sa ƙashi da zaruruwan da suka tsinke su sake tofowa. Akwai hujja a kan haka, amma ƙarama ce. A 2007 Raymond Yukna da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi a kan haƙoran mutane da dama can za a cire su. An yi wa haƙora shida LANAP, aka cire su bayan wata uku, aka duba a madubin likita, aka ga alamar sabon ɗauri a jikin saiwoyinsu. Wani bincike na 2012 ƙarƙashin Marc Nevins ya ga irin haka a wasu daga cikin haƙoran da ya duba, ba dukkansu ba. Wannan ya nuna abin yana iya faruwa. Bai nuna sau nawa yake faruwa ba, bai kuma nuna ya fi abin da tiyatar gyaran ƙashi ke bayarwa ba. Haƙora shida ba su isa a gina alkawari ga miliyoyin mutane a kansu ba.

Manyan ƙungiyoyin likitocin haƙori sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, inda aka kwatanta kankara ita kaɗai da kankara haɗe da leza. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2015, ta sami cewa kankara ita kaɗai tana dawo da kimanin rabin milimita na ɗaurin haƙori idan aka yi matsakaicin lissafi, ta kuma ce hujjar ƙarin amfanin lezar da ke aiki da zafi mai rauni ce. Kwalejin ƙwararrun likitocin dasashi ta Amurka, a matsayar da ta wallafa a 2018, ta ce ƙarin da leza ke iya kawowa bai kai milimita 1 ba, kuma hujjojin ba su isa a ce ta fi hanyar da aka saba ba. Tarayyar ƙwararrun likitocin dasashi ta Turai ta fi fitowa fili. A jagorarta ta 2020 ta ba da shawarar kada a ƙara leza a kan kankarar ƙasan dasashi, haka ma hanyar rini da haske, domin ƙarin amfanin bai tabbata ba, ga kuma ƙarin kuɗi a kan mara lafiya.

Dalilan wannan taka-tsantsan a bayyane suke. Gwaje-gwajen sun yi amfani da leza iri-iri da saiti iri-iri, har ya yi wuya a haɗa sakamakonsu. Da yawansu mutane ƙalilan suka ƙunsa, kuma watanni kaɗan aka bi su, alhali cutar ta shekaru ce. A hanya irin LANAP kuma abubuwa da dama ake yi a zama ɗaya, don haka idan mutum ya samu sauƙi ba a iya rarrabe rabon haske da rabon ƙarfe. Akwai kuma wani abu da masu talla ba sa bayyanawa. Izinin da hukumar Amurka ke bai wa irin waɗannan na'urori, a mafi yawan lokaci, shaida ce cewa na'urar ta yi daidai da wata da ke kasuwa a wajen aminci da aiki. Ba shaida ba ce cewa ta fi sauran hanyoyin magani.

Maganar kashe ƙwayoyin cuta ma tana buƙatar gyara. Gaskiya ne leza tana rage su ƙwarai a lokacin aiki. Amma baki ba ya zama fayau. Ƙwayoyin suna kan harshe, suna cikin miyau, suna tsakanin haƙora, kuma cikin makonni sukan koma aljihun da aka share idan mai bakin bai tsare shi ba. Babu hasken da ke hana dauɗar gobe taruwa.

Leza kuma tana da nata haɗarin, kuma zafi ne tushensa. Binciken da Eriksson da Albrektsson suka yi a Suwidin a 1983 ya nuna cewa ƙashi yana fara lalacewa idan zafinsa ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, wato digiri 10 kacal sama da zafin jiki. Jijiyar cikin haƙori ta fi haka rauni: ƙarin digiri 5 da rabi yana iya yi mata lahani. Idan likita ya daɗe da haske a wuri ɗaya, ko ya ɗaga ƙarfinsa fiye da kima, yana iya ƙona saiwa, ya kashe ƙashi, ko ya sa dasashi ya janye, kuma naman da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa da kansa. Lezar Nd:YAG tana iya lalata fuskar ƙarfen dashen haƙori. Hasken yana iya makantar da ido, shi ya sa dole likita da mataimakinsa da mara lafiya su sa tabarau na musamman da ya dace da zangon lezar da ake amfani da ita. Hayaƙin naman da ke ƙonewa kuma dole a zuƙe shi da na'ura. Wani batu ya shafi baƙar fata kai tsaye. Dasashin mafi yawan 'yan Afirka yana da duhu, kuma wannan duhun lafiya ne, ba cuta ba. Amma tunda lezar diyod da Nd:YAG duhu suke bi, irin wannan dasashi ya fi saurin shan zafinsu, don haka sai likita ya daidaita ƙarfin na'urar da launin naman da ke gabansa maimakon ya bi saiti ɗaya ga kowa.

Sai batun kuɗi. Ƙaramar lezar diyod tana cin dubban daloli, lezar erbiyum da ta LANAP kuwa dubun-dubatar daloli, ga horo, ga gyara, ga buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki. Duk wannan a kan mara lafiya yake sauka. A Najeriya, inda likitocin haƙori 'yan dubbai ne kacal ga al'umma sama da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane, abin da ya fi ƙaranci shi ne hannun da zai auna aljihu ya kankare saiwa. Wannan aiki ana yin sa a sassan haƙori na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello, da na Jami'ar Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi da dama. Mutumin da aka yi wa kankara da kyau a ɗaya daga cikin waɗannan wurare bai samu maganin talaka ba. Ya samu maganin da jagororin Turai da Amurka suka sa a gaba.

Akwai wata fahimta da ke hana mutane zuwa, wato cewa wankin haƙori yana sa haƙora su yi rauni ko su buɗe. Abin da ke faruwa shi ne daskararriyar dauɗa takan cike gurbin da ƙashi da nama suka bari, ta manne haƙoran da juna. Idan aka cire ta, kumburi kuma ya sauka, sai giɓin da cutar ta riga ta yi ya bayyana. Tsamin haƙori da akan ji da ruwan sanyi bayan aikin yakan lafa cikin makonni.

Ga yara ƙanana kuma, kumburin dasashi yana da wata fuska mai ban tsoro a yankin Sahel. Cutar noma, mai zaizaye baki da fuska, da kumburin dasashi da gyambo take farawa, galibi a jikin yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Idan aka kama ta a wannan mataki, tsaftar baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Asibitin yara masu noma da ke Sakkwato yana wannan aiki tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disambar 2023. Yaron da dasashinsa ke jini, bakinsa na wari, kuncinsa ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar.

Ko da leza aka yi aiki ko da ƙarfe, abin da ke yanke hukuncin ko haƙori zai zauna shi ne abin da ya biyo baya. Ciwon dasashi da ya taɓa ƙashi ba a warkewa daga gare shi a manta, riƙe shi ake yi kamar yadda ake riƙe hawan jini. Likitoci sukan nemi mara lafiya ya dawo duk bayan wata 3 zuwa 12, gwargwadon haɗarinsa, a sake awo a share abin da ya taru. Per Axelsson ya bi wasu baligai a Suwidin tsawon shekara 30 a kan irin wannan tsari, kuma rahotonsa na 2004 ya nuna haƙoran da suka rasa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ba da leza aka samu wannan sakamako ba. A gida kuwa, goge baki sau biyu a rana da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a karkata buroshin zuwa gaɓar dasashi, sannan a tsaftace tsakanin haƙora da zare ko ɗan ƙaramin buroshin da aka yi don haka. Asuwaki, wanda addini da al'ada suka riga suka dasa a hannun mutane, yana cire dauɗa sosai idan an tauna kansa ya yi laushi an kuma bi kowane haƙori ciki da waje, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora, kuma dirza shi da ƙarfi yana janye dasashi.

Wanda likita ya ba shi zaɓin leza yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya biya. Ya tambayi zurfin aljihunansa da milimita, ya nemi a nuna masa hoton ƙashinsa. Ya tambayi wace irin leza ce, wane horo likitan ya samu a kanta, ko za a kankare saiwa tare da ita, da kuma bambancin kuɗi tsakaninta da kankara zalla. Idan aka ce masa haske kaɗai zai wadatar ba tare da kankara ba, ko aka yi masa alkawarin cewa ƙashinsa zai dawo gaba ɗaya, ya nemi ra'ayin wani likitan. Wanda kuma yake ganin jini a buroshinsa ko asuwakinsa sama da mako biyu, musamman mai ciwon suga, mai shan taba ko mai juna biyu, kada ya jira sai ya sami asibitin da ke da leza. Ya je sashen haƙori mafi kusa da shi, ya ce a auna masa dasashi.